Yadda Ake Warware Tambayar Filin Alwatika da Ikweshan Kwadiratik

Ga irin tambayar da ake magana a kai: tsayin wata alwatika ya fi gindinta da santimita 5, girman filinta kuma murabba'in santimita 42 ne. Nemo gindin da tsayin.

Ba a faɗa maka gindi ba, ba a faɗa maka tsayi ba. An ba ka dangantakar da ke tsakaninsu ne kawai, da abin da suka haifar. Ɗalibai da yawa sun iya warware ikweshan kwadiratik idan an ɗora musu shi a kan allo a shirye, amma da zarar an naɗe shi cikin magana sai su tsaya cak. Ke nan matsalar ba ta lissafi ba ce. Aikin gaskiya yana wurare biyu: mayar da magana zuwa ikweshan a farko, da tantance amsar da ta dace da alwatika a ƙarshe. Abin da ke tsakani bin ƙa'ida ne, kuma shi ya fi sauƙi.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Girman filin alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi:

fili = ½ × gindi × tsayi

Rabin nan ba ado ba ne. Ka yanko alwatika biyu iri ɗaya daga takarda, ka juya ɗaya ka manna ta da 'yar'uwarta, za ka samu siffa mai gefe huɗu wadda filinta gindi sau tsayi ne. Alwatika ɗaya rabin wannan ce. Wanda ya ga haka da idonsa da wuya ya sake mance rabin.

Sai maganar tsayi. Tsayi shi ne layin da ya sauko daga ƙololuwar alwatika ya dira a kan gindi a miƙe, yana yin kusurwar digiri 90 da shi. Ba gefen da ya karkace ba ne. A alwatika mai kusurwar digiri 90, gefuna biyun da suka haɗu a wannan kusurwa su ne gindi da tsayi, ba sai an nemo wani layi ba. A wadda ke da kusurwa ɗaya da ta wuce digiri 90, tsayin na iya faɗawa a waje, sai an ja layin gindi ya ƙara gaba kafin su haɗu. Ƙa'idar ba ta canzawa a ko'ina.

Mataki na farko: zana, sannan ka zaɓi x

Ka zana alwatikar ko da a karkace ne. Ba kyau ake nema ba, wurin rubuta abin da ka sani ake nema.

Daga nan ka duba jimlar da ke kwatanta gindi da tsayi, ka ga wanne aka auna da wanne. A tambayarmu an ce tsayi ya fi gindi da 5, wato da gindi aka auna tsayi. To gindin shi ne x, tsayin kuma x + 5. Wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani a nan: abin da aka yi awo da shi, shi ake ba x. In ka yi akasin haka amsa za ta fito, amma sau da yawa sai ka jawo wa kanka rabe-raben da ba dole. Misali, idan an ce gindi ninki uku ne na tsayi, ka kira tsayi x, gindi ya zama 3x. Da gindi ka kira x, da tsayi ya zama x/3, ka shiga fama da kaso tun ba a je ko'ina ba.

Ka rubuta a fili: "Bari gindi ya zama x santimita." Layi ɗaya ne, amma shi zai tuna maka a ƙarshe cewa x gindi ne, ba tsayi ba.

Mataki na biyu: kafa ikweshan, ka kori rabin tun da wuri

Zuba abin da ka samu cikin ƙa'ida:

½ × x × (x + 5) = 42

Kada ka buɗe baka, wato alamar ( ), tukuna. Ka ninka ɓangarorin biyu da 2, rabin ya tafi:

x(x + 5) = 84

Yanzu ka buɗe, ka kwaso komai zuwa hagu, dama ta zama sifili:

x² + 5x − 84 = 0

Wannan shi ne ikweshan kwadiratik a tsarinsa na ax² + bx + c = 0. Dalilin mayar da ɓangare ɗaya sifili kuwa shi ne: idan abu biyu aka ninka suka ba da sifili, tilas ɗayansu sifili ne. Babu wata lamba da ke da wannan hali sai sifili. Shi ya sa kuskure ne babba mutum ya ga x(x + 5) = 84 ya ce x = 84 ko x + 5 = 84. Lambobi barkatai ne ake ninkawa su ba da 84, don haka wannan bai tabbatar da komai ba.

Mataki na uku: warwarewa

Hanyoyi uku ne, kuma ba kowace ce ta dace da kowace tambaya ba.

Ta farko ita ce rarraba ikweshan zuwa baka biyu. Ana neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −84, in an tara su su ba da 5. Ka bi ma'auratan 84 a jere: 1 da 84, 2 da 42, 3 da 28, 4 da 21, 6 da 14, 7 da 12. Tazarar 7 da 12 ita ce 5. Ke nan 12 da −7 ne:

(x + 12)(x − 7) = 0

Saboda haka x = −12 ko x = 7. Gindi ba zai zama −12 ba, don haka gindi santimita 7 ne, tsayi kuma 7 + 5, wato santimita 12. Gwaji: rabin 7 × 12 shi ne 42. Ya yi daidai.

Hanya ta biyu ita ce babbar ƙa'ida, wadda ba ta taɓa ƙin aiki:

x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a

Ga inda ta fi amfani. A ce gindin wata alwatika ya gaza ninki biyu na tsayinta da mita 3, filinta murabba'in mita 27. Da tsayi aka yi awo, to tsayi h ne. Ninki biyunsa 2h, gindin ya gaza haka da 3, wato 2h − 3. A kula da kyau a nan, domin mutane da dama sukan rubuta 3 − 2h, saboda kawai sun riƙe 3 a ka. Idan kana shakka, ka jarraba da lamba: in tsayi 10 ne, ninkinsa 20, abin da ya gaza 20 da 3 shi ne 17. To 2h − 3 ne ya ba da 17. 3 − 2h kuwa −17 zai bayar.

½ × h × (2h − 3) = 27
2h² − 3h − 54 = 0

A nan a = 2, b = −3, c = −54. Ka fara lissafa abin da ke ƙarƙashin alamar tushe (√) shi kaɗai: (−3)² shi ne 9, sannan −4 × 2 × (−54) shi ne +432, jimla 441. Tushen murabba'in 441 shi ne 21. Sai h = (3 + 21)/4 = 6, ko h = (3 − 21)/4 = −4.5. Tsayi mita 6, gindi 12 − 3, mita 9. Rabin 54 shi ne 27.

Wurare biyu ne ake zamewa a wannan hanya, duka kuma na alama ne. Idan b ya riga ya zo da alamar ɗebewa, −b yana komawa mai alamar tarawa. Sannan in ka danna −3² a kalkuleta ba tare da baka ba, yawancinsu −9 za su ba ka, ba 9 ba. Sa baka a kowane lokaci.

Hanya ta uku ita ce cike murabba'i, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. Idan a = 1 ne, b kuma lamba ce mai rabuwa biyu, ta fi babbar ƙa'ida sauri. A ce gindi ya fi tsayi da santimita 6, fili kuma murabba'in santimita 25. Sai a samu h(h + 6) = 50, wato h² + 6h = 50. Ma'auratan 50 su ne 1 da 50, 2 da 25, 5 da 10. Babu masu tazarar 6, don haka baka biyu ba za su fito da cikakkun lambobi ba. To ka ɗauki rabin 6, wato 3, ka ninka shi da kansa ya ba da 9, ka ƙara wa kowane ɓangare:

h² + 6h + 9 = 59
(h + 3)² = 59

Tushen 59 kusan 7.68 ne. Sai h ≈ 4.68, gindi ≈ 10.68. Gwaji zai ba da kusan 24.99, wanda bai cika 25 cif ba saboda taƙaita lambobin da aka yi. Kada ka taƙaita a tsakiyar aiki. Ka bari sai layin ƙarshe.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya bayyana ta da misalin da a yau za mu rubuta x² + 10x = 39, ya zana murabba'i na gaske ya cike kusurwarsa, amsa ta fito 3. Da kalmomi ya rubuta komai, babu x babu alamomi, kuma bai kula amsa mai ƙasa da sifili ba, tunda tsawo da fili yake aunawa. Kafin shi, Brahmagupta na Indiya ya riga ya rubuta ƙa'idar warware irin wannan lissafi a shekarar 628.

Mataki na huɗu: wace amsa ce ta alwatika?

Nan ne gizo ke saƙar. An saba koya wa ɗalibai cewa a jefar da amsa mai alamar ɗebewa, a riƙe ɗayar. A misalai ukun da suka wuce hakan ya yi aiki, amma doka ce gurguwa. Abin da ba zai yiwu ya gaza sifili ba shi ne tsawon gefe, ba x ba. Idan x ɗin kansa gefe ne, maganar ɗaya ce. Idan kuwa x yana cikin wani bayani ne kawai, sai an mayar da kowace amsa cikin gindi da tsayi an gani.

Duba wannan: gindi (x − 7), tsayi (x − 9), fili 12.

(x − 7)(x − 9) = 24
x² − 16x + 39 = 0
(x − 3)(x − 13) = 0

Amsoshin biyu duk sun haura sifili: 3 da 13. Mai bin dokar nan ido rufe zai karɓi duka. Amma x = 3 yana ba da gindi −4 da tsayi −6. In an ninka su 24 za su bayar, shi ya sa ikweshan bai ƙi su ba, sai dai babu alwatika mai irin wannan awo. Amsa ɗaya ce, x = 13: gindi 6, tsayi 4.

Ga kishiyarsa: gindi (x + 9), tsayi (x + 5), fili 6. Ikweshan zai zama x² + 14x + 33 = 0, amsoshi −3 da −11. Duka biyun ƙasa da sifili suke. Shin babu alwatikar ke nan? Akwai ta. Idan x = −3, gindi 6 ne, tsayi 2, fili 6. Wanda ya yi watsi da −3 don alamarsa ya zubar da amsar gaskiya.

Akwai kuma inda amsoshin biyu duk suke da rai. A ce jimlar gindi da tsayi santimita 17 ce, fili murabba'in santimita 30. Gindi x, tsayi 17 − x:

x(17 − x) = 60
x² − 17x + 60 = 0

x = 5 ko x = 12. Gindi 5 da tsayi 12, ko gindi 12 da tsayi 5. Idan tambayar ba ta ce wanne ya fi tsawo ba, ka rubuta duka biyun. Ka lura kuma cewa da aka buɗe bakan −x² ne ya fito. Ya fi sauƙi a kwashe komai zuwa ɓangaren da x² zai rasa alamar ɗebewa kafin a ci gaba.

Da a ce filin 40 aka bayar maimakon 30, da ikweshan ya zama x² − 17x + 80 = 0. Abin da ke ƙarƙashin tushe: 289 − 320 = −31. Lamba mai ƙasa da sifili ba ta da tushen murabba'i a cikin lambobin da ake awo da su, ma'ana babu irin wannan alwatika. Dalilin a bayyane yake: idan jimlar gindi da tsayi 17 ce, fili mafi girma da za a iya samu shi ne lokacin da suka yi kunnen doki, kowanne 8.5, wanda ke ba da 36.125. Ba a kai 40. To amma a tambayar jarrabawa, idan ka ga wannan alama, ka fara zargin lissafinka kafin ka zargi mai tambaya. Galibi wata alama ce ta juye a sama, ko an mance ninka fili da 2.

Idan ba a ba da fili ba, shi ake nema

Wani rukunin tambayoyin yana juya al'amarin. Ikweshan kwadiratik ba daga ƙa'idar fili yake fitowa ba, daga ƙa'idar Paitagoras yake fitowa: a alwatika mai kusurwar digiri 90, murabba'in dogon gefe daidai yake da jimlar murabba'an sauran biyun. Dogon gefen shi ne wanda ke fuskantar kusurwar.

Misali: dogon gefe santimita 17 ne, ɗaya daga cikin sauran ya fi ɗan'uwansa da santimita 7. Nemo fili.

x² + (x + 7)² = 17²

A nan ne ake yin kuskuren da ya yawaita a aljebra. (x + 7)² ba x² + 49 ba ne. Shi ne (x + 7)(x + 7), wato x² + 14x + 49. Gwada da x = 1: 8² shi ne 64, amma 1 + 49 shi ne 50. Goma sha huɗun da ya ɓace shi ne 14x.

2x² + 14x + 49 = 289
2x² + 14x − 240 = 0

Kowace lamba tana rabuwa da 2, to raba kafin ka ci gaba: x² + 7x − 120 = 0, wanda ke ba da (x + 15)(x − 8) = 0. Gefuna 8 da 15. Kuma ba a gama ba, domin fili aka tambaya: rabin 8 × 15, murabba'in santimita 60. Ɗalibi kan ga x = 8 ya ja layi biyu a ƙasa ya wuce, alhali ba x aka aike shi nema ba. Kafin ka rufe, sake karanta jimlar ƙarshe ta tambayar.

Alwatika mai gefe biyu daidai ma ta wannan ƙofa ake shigarta. Tsayinta yana raba gindi gida biyu daidai, ya samar da alwatika biyu masu kusurwar digiri 90. A ce gefunan nan biyu kowanne santimita 10 ne, gindi kuma ya fi tsayi da 4. Tsayi h, gindi h + 4, rabin gindi (h + 4)/2:

h² + [(h + 4)/2]² = 100

Ninka komai da 4, ba da 2 ba, tunda 2 ɗin da ke ƙasa shi ma an ninka shi da kansa:

4h² + h² + 8h + 16 = 400
5h² + 8h − 384 = 0

Ƙarƙashin tushe: 64 + 7680 = 7744, tushensa 88. Sai h = (−8 + 88)/10 = 8. Gindi 12, fili 48.

Idan kuma gefe biyu aka bayar da kusurwar da ke tsakaninsu, ƙa'idar ita ce ½ × a × b × sin C, inda a da b su ne gefunan biyu, C kuma kusurwar da ke tsakaninsu. Da gefuna x da x + 2, kusurwar digiri 30, da fili 12: sin 30° rabi ne, don haka x(x + 2) = 48, gefunan su ne 6 da 8. Sauran aikin duk irin na baya ne.

Ma'auni

Gajeriyar magana ce amma tana cin maki. Idan an ba da bambancin gindi da tsayi da santimita, fili kuma da murabba'in mita, sai an mayar da su ma'auni ɗaya kafin a kafa ikweshan. Mita 1 santimita 100 ce, amma murabba'in mita 1 murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba.

Tambaya mai hawa biyu

Ga wadda ta haɗa kusan duk abin da aka faɗa. Alwatika mai kusurwar digiri 90, kewayenta santimita 30, filinta murabba'in santimita 30. Nemo gefuna ukun.

Abu uku ne ba a sani ba: a, b, da dogon gefe c. Kada wannan ya razana ka. Rubuta abin da ka sani: a + b + c = 30; ½ab = 30, wato ab = 60; sannan a² + b² = c².

Dabarar ita ce a tuna cewa (a + b)² daidai yake da a² + b² + 2ab. Daga kewaye, a + b = 30 − c. Daga Paitagoras, a² + b² shi ne c². Daga fili, 2ab shi ne 120. Haɗa su:

(30 − c)² = c² + 120
900 − 60c + c² = c² + 120

c² ya kashe c², saura 60c = 780, wato c = 13. Yanzu a + b = 17, ab = 60. Lambobi biyu masu jimla 17 da ninki 60 su ne amsoshin x² − 17x + 60 = 0, wato 5 da 12. A wannan karon amsoshin biyu ba alwatika biyu suke nufi ba, gefuna biyu ne na alwatika ɗaya. Gwada sharuɗɗan uku ɗaya bayan ɗaya, da kalmomin tambayar ba da ikweshan da ka kafa ba, domin in a kafawar ka yi kuskure, ikweshan zai gaskata kuskurenka: 5 + 12 + 13 = 30; rabin 5 × 12 = 30; 25 + 144 = 169, wanda shi ne 13².